Kumburi da haki: a je a ɗauki hoton zuciya, a bar ƙarin ruwa

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garuruwanmu, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, kuma tana cin rayuka a ɓoye. Mutum zai wayi gari ƙafafunsa sun kumbura, yana haki ko da daga ɗaki zuwa masallaci ne, da dare kuma barci ba ya yiwuwa sai a zaune. Maimakon asibiti sai a nufi kemis a ce: "Jikinsa ba ƙarfi, a sa masa ruwa." Mai kemis kuwa ba ya musu, leda biyu ko uku zai rataya masa.

Haba jama'a! Wanda zuciyarsa ta gaza, ruwa ne ya riga ya taru masa a huhu da ciki da ƙafafu. A ƙara masa wani ta jijiya, ai taimaka wa cutar aka yi. In ya cika a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne ajali na Allah ne, amma sakacin namu ne.

Ko an kai shi asibiti, likita ya rubuta a je Kano a ɗauki hoton zuciya, sai a ninke takardar a cusa ƙarƙashin katifa, wai kuɗin mota daga Riruwai ko Kwanar Ɗangora ya yi yawa. Alhali abin da aka zubar wajen ruwa da allurai da jiƙe-jiƙe ya isa kai shi Asibitin Malam Aminu Kano ya dawo.

Hoton nan, wanda likitoci ke kira eko, irin sikanin ɗin da ake yi wa masu ciki ne, a ƙirji ake ɗora na'urar. Ba allura, ba yanka, ba ciwo. Shi ke nuna ko hawan jini ne ya gajiyar da naman zuciya, ko ƙofofinta ne suka lalace, ko ruwa ne ya kewaye ta. Yana kuma auna yawan jinin da take harbawa a kowane bugu. Ta mai lafiya tana fitar da fiye da kashi 50 cikin 100 na jinin da ke cikin babban ɗakinta na hagu. In ya sauka zuwa 35 ko ƙasa, rauni ya yi tsanani.

A nan ne maganar batirin zuciya ke shigowa, wanda masu hali ke ɗauka da zarar an tafi Indiya ko Masar an dasa shi, shi ke nan. Ba kowa yake yi wa amfani ba. Na masu gazawar zuciya yawanci wayoyi uku gare shi, aikinsa daidaita ɓangarorin zuciya su matse lokaci guda. Kamar tura mota ne a laka: in wannan ya tura wancan yana hutawa, ba inda za ta je. Kafin a dasa, sai hoto ya nuna kashi 35 ko ƙasa, gwajin da ake liƙa wayoyi a ƙirji ya nuna saƙon bugun yana makara, sannan an sha magani yadda ya kamata aƙalla wata 3 ba a samu sauƙi ba. Duk da haka, kusan mutum 1 cikin 3 ba ya ganin canji sosai. Bayan dasawa ma da hoton ake duba ko zuciyar ta fara komawa girmanta, ko sai an gyara saitin na'urar.

Masu jego ne suka fi ba ni tausayi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka gano gazawar zuciya bayan haihuwa tana kama kusan mace 1 cikin 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya, kuma Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya daɗe yana bincike a kanta. Amma mai jego za ta kumbura tana tari, gwaggo ta ce: "Ɗanyen jiki ne, a ƙara mata kunun kanwa." Kanwa da gishiri kuwa ruwa suke riƙewa a jiki. Da yawa daga cikin matan nan zuciyarsu na farfaɗowa cikin watanni da magani kaɗai in an gano da wuri, ba sai an kai ga batiri ba.

Saboda haka, maigida, in matarka ko mahaifinka na kumburi da haki, kada ka yarda a rataya ruwa sai likita ya duba ƙirji. In an rubuta hoto, a je cikin makon, a adana sakamakon, a riƙa zuwa da shi duk ranar ganin likita, domin da shi ake kwatanta na gaba. Kada a ajiye magani don kumburi ya saɓe. Ku kuma masu kemis, ku ji tsoron Allah: wanda ba ya iya kwanciya saboda haki, ku tura shi asibiti nan take.