Yashin Wanke-wanke Ne Ke Toshe Mana Bututu

A makon jiya na bi ta wani layi a unguwar Zongo, nan Wagadugu, na tarar da wani magidanci ya naɗe ƙafar wando yana ta zura rodi cikin bututun da ke kai ruwan wanke-wanke rami. Ruwa ya dawo tsakar gida, baƙi ƙirin, yara sai tsallake shi suke yi. Da aka gaji aka fasa bututun, sai ga yashi da toka sun haɗu da daskararren mai, sun kame kamar siminti.

To wa ya zuba yashin? Mu ne. Kullum sai a goge gindin tukunya da yashi da toka, a ɗauraye a bakin rariya. Ruwa ya wuce, yashi ya kwanta, gobe a ƙara masa. Haba jama'a! Wace wahala ce a tara ruwan ɗaurayar farko a bokiti, a bari ya natsa, a tsiyaye, a watsar da yashin can gefe?

Manyan bututun hukumar ruwa ta ONEA masu kai ƙazanta tafkunan tacewa na Kossodo tsakiyar birni suka fi bi. Mu masu rami a ƙofar gida, awon laka aikinmu ne, kuma ko dala ba ya ci. A naɗa farin tsumma a doguwar sanda, a tura ta har ƙasan ramin, a dakata minti uku, a zaro a hankali. Inda baƙi ya tsaya, nan laka ta kai. In ta cinye kashi ɗaya cikin uku na zurfin, a kira masu yasa. A rubuta awon da ranar a bango, ko da gawayi ne. Awo na biyu bayan wata uku shi zai nuna saurin taruwarta. Kada kowa ya kuskura ya shiga ramin, iskar cikinsa tana kisa.

Kwatar layi ma a soka mata sanda tun watan Afrilu, kafin damina. Wanda ya ga ruwan 1 ga Satumba 2009, lokacin da aka sheƙa sama da milimita 260 a yini guda har asibitin Yalgado ya cika da ruwa, ya san abin da nake nufi. Amma sai ka ga an yashe kwata an jibge tabon a bakinta, ruwan farko ya mayar da shi ciki. A kawo baro a kwashe shi a ranar.