Makaranta A Cikin Gona

A ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Bajiniya. A ƙauyukanta akan sami waɗansu iyalai Kirista, 'yan ɗarikar Katolika, waɗanda 'ya'yansu ba su zuwa makaranta. Karatu kam suna yi, amma a gida, uwarsu kuwa ita ce malamarsu. Wani gidan yakan kai 'ya'ya takwas ko goma, dukansu ɗaki ɗaya, gama a addininsu namiji ba ya auren mace fiye da ɗaya.

Gonar irin wannan gida ba ta da girma. Daga saniya ɗaya ko biyu, sai kaji da ɗan lambu. Ba safai takan ci da gida duka ba, saboda haka sau da yawa maigida yana da wani aiki a gari.

Tun da asuba manyan yara kan fita tatsa, ƙanana kuma su tsinci ƙwai. Saniya ba ta san hutu ba. Safe da yamma sai an tatse ta, ko ran Lahadi ne da za su majami'a, ko dusar ƙanƙara na zuba. In aka bar ta, hantsarta ta kumbura, nono kuma ya ragu.

Bayan an yi addu'a an karya kumallo, sai a share teburin cin abinci, ya zama aji. Ga ɗan shekara 14 yana fama da lissafi, ga 'yar shekara 6 tana koyon baƙaƙe, ga jariri a cinyar uwa. Yaya mace ɗaya za ta iya da su duka? Ai ba ta iyawa ita kaɗai. Wa kan koya wa ƙane, ya kan saurari karatun ƙanwa. Waɗansu sukan sayi littattafai daga wata makaranta mai suna Seton, a garin Front Royal, wadda ke aiko da darussa, ta kuma duba jarrabawa. Gona ma malama ce. Yaron da ya ƙirga kwana 21 a kalanda yana jiran kaza ta ƙyanƙyashe ba zai mance da wannan lissafi ba. Da dare su taru su ja carbinsu, wanda suke kira rosari, auta kuwa yakan yi barci tun ba a kai rabi ba.

Amma akwai wuya. Ran da saniya ke haihuwa, ko shinge ya karye, ko uwa ta kwanta ciwo, sai karatu ya tsaya, don ba wani malami da zai karɓe ta. Kwana ɗaya ba kome, amma in kwanakin suka yi yawa, yaro ya koma baya ba wanda ya lura.

Saboda haka hukuma ba ta sakar musu ba. Tun 1984 dokar Bajiniya ta yarda da karatun gida, amma da sharaɗi. Kowace shekara, kafin 15 ga Agusta ta wuce, iyaye su sanar da shugaban ilmi na yankinsu abin da za su koyar. Sa'an nan kafin 1 ga Agustan da ke biye ta wuce, su kawo shaida yaro ya ci gaba, ko sakamakon jarrabawa, ko takardar wani malami da ya gwada shi. In ba su kawo ba, ana iya ba su shekara guda su gyara. In har ba su gyara ba, dole yaron ya koma makaranta, ko da shi ne mai tatsar saniya.