Kunnen Jariri a Shekararsa ta Farko

Ana haihuwar jariri da ƙwaƙwalwar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ta babba ba, amma kafin ya cika shekara ta kusa ninkawa biyu. Ganinsa a kwanakin farko bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, wato tazarar nono da fuskar uwa. Kunne kuwa tun a ciki ya fara aiki, shi ya sa muryar mahaifiya ba baƙuwarsa ba ce. Wajen arba'in yakan fara mayar da murmushi.

A zangon Salaga da ke Gana, jaririn da ke goye yakan wuni yana jin Hausa a gida, Gonja a kasuwa. A Yendi Dagbani ce ke haɗuwa da Hausa, a Bawku kuma ga Kusasi, ga Mamprusi, ga Mosi. Wasu iyaye na fargabar yawan harsunan zai rikita yaro, alhali kunnensa ya fi nasu kaifi. A 1984, Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka nuna cewa jarirai 'yan wata shida zuwa takwas suna bambance sautukan Hindi da ba su taɓa ji a gida ba, amma zuwa wata goma sha biyu yawancinsu sun daina. Ƙwaƙwalwa tana riƙe sautin da take ji kullum, ta saki sauran. Ɗan Bawku da ke wucewa daga hannun inna zuwa na maƙwabciya sautukan harsuna biyu ko uku yake tarawa tun bai fara rarrafe ba.

Wajen wata takwas sai ƙiwa ta zo. Kaka ta miƙo hannu, yaro ya ƙanƙame uwarsa yana tsala ihu. Bai kamata a tsawata masa ba, ya fara tantance nasa da bare ne. A lokacin ne kuma idan aka rufe cokali da zani zai ɗaga ya nemo shi, domin ya gane abin da ya ɓace wa ido yana nan.

Duk wannan aiki yana son abinci. Ma'aikatan awo a Gana suna nanata nono zalla har wata shida. Bayan nan koko tsararo ba ya wadatar da jini, sai an haɗa da garin gyaɗa, wake, ƙwai ko garin kifi.