Babi na Tara: Sayen Jirgin Sama Mai Inji Biyu

Tun zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina da jakunansu, su ratsa Borgu su sauka Salaga neman goro, tafiyar da ke cin watanni, har zuwa lokacin da dogo ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, Bahaushen ƙasar Gana bai taɓa raba sha'anin ciniki da sha'anin abin hawa ba, domin ya san ribar kaya tana rataye ne ga kwanakin da suka yi a hanya. Alhaji Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin na farko da suka bar hanyar tudu a farkon ƙarni na 20, suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, ba don sha'awar teku ba, sai don lissafi ya nuna masa haka. Yau kuwa filin jirgin saman Kumasi, wanda aka raɗa wa sunan Prempeh na Ɗaya a 2024, yana nan dab da Aboabo da Asawase, kuma tafiyar Akara, wadda kan cinye wa mai mota awa biyar ko fiye a kan titi mai tsawon kimanin kilomita 250, ba ta kai awa guda a sama. Ba abin mamaki ba ne idan attajirin da Allah ya buɗa wa ya fara tunanin mallakar jirgi nasa na kansa, kuma galibi zuciyarsa takan karkata ga mai inji biyu, bisa zaton cewa biyu sun fi ɗaya aminci.

Kafin a tambayi farashi, wajibi ne mutum ya zauna ya rubuta garuruwan da haƙiƙa yake zuwa, da adadin mutanen da yakan tafi da su. Daga Kumasi zuwa Akara a miƙe kimanin kilomita 200 ne, zuwa Tamale 300 da 'yan kai, zuwa Ikko 500 da wani abu, zuwa Kano kuwa ya kai wajen 1,250. Jirgin da ya dace da na farko ba lalle ne ya dace da na ƙarshe ba. Ƙaramin jirgi irin Beechcraft Baron zai kai Kano cikin awa uku da rabi ko kusa da haka, alhali King Air 200 zai rage wa tafiyar kusan awa guda.

To, sai batun injin na biyu, wanda shi ne asalin abin da ake biyan kuɗi dominsa, kuma shi ne abin da mutane suka fi jahilta. Hankali yakan raya wa mutum cewa idan inji ɗaya ya mutu an rasa rabin ƙarfi, saura rabi, sai a ci gaba da tafiya sannu a hankali. Amma al'amarin ba haka yake ba, domin jirgi ba ya hawa sama da dukan ƙarfinsa, yana hawa ne da rarar da ta saura bayan an cire abin da ke riƙe shi a iska. A ƙaddara injuna biyu suna ba da ƙarfin doki 600, kuma jirgin yana bukatar 250 don ya tafi a miƙe ba hawa ba sauka: rararsa 350 ke nan. Idan ɗaya ya tsaya, saura 300, rarar ta koma 50 kacal, kuma daga cikin wannan ɗan abin ma sai matacciyar farfela, wadda iska ke juyawa, ta ci wani kaso. Wannan ne ya sa malaman tuƙi suke koyar da cewa ƙaramin jirgi mai inji biyu yakan rasa wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfin hawansa da mutuwar inji guda. Idan aka haɗa da kaya masu nauyi, da zafin rana wanda ke sa iska ta yi shara-shara har fukafuki su rasa abin kamawa, irin zafin Kano a watan Afrilu, ko filin da ke kan tudu kamar na Jos, to, ana iya kai wa ga halin da injin da ya saura ba zai iya ɗaga jirgin ko taƙi ɗaya ba.

Akwai kuma haɗari na biyu wanda mai inji ɗaya bai san shi ba. Tun da yake kowane inji yana kan fiffikensa, idan na hagu ya mutu sai na dama ya riƙa murɗa hancin jirgin zuwa hagu, kuma ba abin da ke hana shi sai linzamin da ke wutsiya, wanda ƙarfinsa ke raguwa gwargwadon raguwar gudu. A agogon gudu na irin waɗannan ƙananan jirage akwai jan layi, wanda idan gudun ya faɗi ƙasa da shi linzamin ba zai ƙara riƙewa ba, jirgin ya kife; akwai kuma shuɗin layi, watau gudun da ya fi kyau a hau da shi da inji ɗaya. Cikin 'yan daƙiƙoƙi, sau da yawa jim kaɗan da barin ƙasa, dole matuƙi ya gane wanne ne ya mutu, ya juya ganyen farfelarsa su ba iska gefe, ya naɗe tayoyi, ya riƙe gudu. Masu ƙira sun yi ƙoƙarin sauƙaƙa wannan: a Piper Seneca farfelun biyu suna juyawa ne saɓanin juna don kada mutuwar ɗaya ta fi ta ɗayan muni, King Air da yawa kuma suna da na'urar da ke juya ganyen da kanta. Duk da haka, hukuncina shi ne injin na biyu ba ya zama aminci sai a hannun matuƙin da ake mayarwa horo lokaci-lokaci, kuma wanda ya ga kuɗin wannan horo ya yi masa yawa, to, ya sani ya sayi haɗari biyu ne da kuɗinsa.

Daga nan sai mai, wanda a ƙasashenmu shi kaɗai ya isa ya yanke shawara. Baron da Seneca da Cessna 310 injunansu masu fistan ne irin na mota, suna shan wani fetur na musamman mai launin shuɗi da darma a cikinsa, wanda a Amurka ake samu kusan ko'ina, amma a Afirka ta Yamma yana da wuyar samu da tsada, wani lokaci sai an kawo shi a durom. King Air kuwa, wanda aka fara fitarwa a 1964, yana da injin tabain na PT6 ƙirar Kanada, mai shan kananzir ɗin jirgi, irin wanda jiragen fasinja da ke sauka Kumasi da Tamale suke sha kullum. Tsakanin waɗannan biyu akwai jiragen Diamond na Ostiriya, DA42 mai kujera 4 da DA62 mai ɗaukar har mutum 7, waɗanda injunansu na fistan ne amma irin na dizal, suna shan kananzir ɗin nan kuma ba su da ci. Wanda zai zauna a Kumasi, lalle ya fara duba masu shan kananzir.

Kada kuma adadin kujeru ya ruɗi mai saye. Sabon Baron yana da kujera 6, amma idan aka cika tankunansa, wajen lita 730, abin da ya saura na nauyi bai wuce na mutum biyu ko uku ba, har da matuƙin. Ko a cika kujeru a rage nisa, ko a cika tanki a rage mutane.

Mafi yawan jiragen da ke kasuwa 'yan hannu ne, wasu ma sun haura shekara 40, kuma a nan ne abin da malamanmu suka karantar a babin ciniki yake da amfani ƙwarai. Fiƙihun Malikiyya ya hana cinikin garari, watau sayen abin da ba a san haƙiƙarsa ba, ya kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya sami aibin da aka ɓoye masa. Sai dai a kasuwar jirage ta duniya yawanci ana sayarwa ne a kan yadda aka gani, da zarar an sa hannu kuma ba mayarwa, sabili da haka dole a yi binciken aibi tun kafin ƙulla ciniki. Kamar yadda mai sayen doki ba ya kallon sirdi sai ya buɗe baki ya duba haƙora, haka mai sayen jirgi zai kau da kai daga sabon fenti da kujerun fata ya nemi littattafan tarihinsa, inda ake rubuta kowace awa da ya tashi da kowane gyara da aka yi masa, tare da sa hannun injiniyan da ya yi. Idan akwai giɓi a cikinsu, ko aka ce wasu sun ɓace, darajar jirgin ta faɗi nan take. Kowane inji yana da wa'adin da za a kwance shi a sabunta: na fistan yawanci tsakanin awa 1,700 da 2,000, ko shekara 12, PT6 kuwa galibi awa 3,600, tare da duba sashensa mai zafi a tsakiyar wa'adin. Jirgin da aka karyar da farashinsa alhali injunansa biyu sun kusa cika wa'adi, ba araha ba ne, bashi ne aka jinkirta. Injiniyan da zai yi binciken ya zama na mai saye ne, ba na mai sayarwa ko dillali ba. Ya gwada matsin kowace silinda, ya yanka matatar mai ya ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, ya leƙa cikin fukafuki neman tsatsa, musamman idan jirgin ya daɗe a gaɓar teku, ya kuma tabbatar an cika duk umarnin gyara na tilas da hukumomi suka fitar a kan wannan ƙira. A bincika ma ko jirgin yana jingine a hannun wani banki.

Mu mutanen Kumasi mun saba da Suame Magazine, inda makaniki zai ƙera maka abin da kamfani ya daina yi, motarka ta tashi. Amma wannan baiwa, duk da girmanta, ba ta shiga sha'anin jirgi, domin kowane ƙusa sai da takardar shaidar asalinsa, kowane gyara kuma sai injiniya mai lasisi a kan wannan ƙirar. Jirgin da aka yi wa rajista a Gana yana ɗaukar alamar 9G, kamar yadda na Nijeriya ke ɗaukar 5N na Nijar kuma 5U, kuma Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Gana ce ke ba shi shaidar cancantar tashi. Saboda haka a tambaya tun farko: ina ne gareji mafi kusa da ya san wannan ƙira, kuma kwana nawa kayan gyara ke yi kafin su iso?

Jin daɗin fasinja kuwa yana farawa ne tun daga ƙofa. A Cessna 310 sai an taka fiffike an sunkuya kafin a shiga, kuma duk wanda ya taɓa rakiyar dattijo mai babbar riga da rawani, ko hajiya mai ciwon gwiwa, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baron 58 yana da ƙofa mai ganye biyu a bayan fiffike, da kujeru huɗu masu fuskantar juna, amma faɗin ɗakinsa kaɗan ya ɗara mita ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa. Seneca ya ɗan fi shi faɗi. King Air yana da ƙofa mai matakala da hanya a tsakiya, ko da yake shi ma tsayin ɗakinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, ba a miƙewa tsaye. Ƙananan ba su da makewayi, kuma tafiyar awa uku da tsofaffi ko yara ba tare da shi ba azaba ce. Alwala ma sai a yi ta tun a ƙasa, a haɗa salloli bisa rangwamen da shari'a ta yi wa matafiyi. Ƙarar injin fistan tana sa dole kowa ya sa abin toshe kunne mai makirfo kafin a yi hira. Jirgin da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki kuwa, mintuna goman da zai yi a kan kwalta yana jiran izinin tashi da azahar sun isa su jiƙa riga.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri shi ne ko ɗakin mai matsattsiyar iska ne. Wanda ba shi da ita yakan tsaya ƙasa da ƙafa 10,000, sai fa in za a sa wa kowa bututun iskar shaƙa, kuma a wannan tsayin ne zafin ƙasa ke girgiza jirgi har mai raunin ciki ya yi amai, a nan ne kuma hazon hunturu ya fi kauri daga Disamba zuwa Fabrairu. King Air da Cessna 421 suna hawa sama da ƙafa 20,000, inda iska ta fi kwanciya. Hadarin damina dai babu ƙaramin jirgin da ke tsallake shi, kewaye shi ake yi, don haka rada mai nuna hadari wajibi ce a ƙasar da ke da damina biyu a shekara. Kafin a biya, mai saye ya nemi a tashi da shi, ya zauna a kujerar baya inda iyalinsa za su zauna, da tsakar rana, ba da sanyin safiya ba.

Kuɗin saye shi ne mafi sauƙin lissafi. Albashin matuƙa da horonsu, da inshora, da hayar rumfa, da binciken shekara-shekara, duk suna tafiya ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba, kuma mafi yawansu da dala ake biya alhali cinikin mai jirgin da sidi yake shigowa. Wanda tafiyarsa ba ta wuce Akara da Tamale ba, tikitin kamfanin jirgin Africa World ko PassionAir ya ishe shi. Wanda ke tafiya jefi-jefi zuwa inda jiragen haya ba sa zuwa, ya ɗauki shata. Mallaka tana dacewa ne da wanda zai tashi wajen awa 200 a shekara ko fiye, kuma idan mazauninsa Kumasi ne, tafiyarsa tana kai shi Kano ko Yamai da iyali da dattawa, to, King Air ɗan hannu mai cikakkun littattafai, da matuƙa biyu masu horo, ya fi masa sabon jirgi mai shan fetur.