Toyota: asalin sunan, da abin da falke zai duba kafin ya zuba kuɗinsa

 A zamanmu na baya, bayan an gama maganar takardun fito, sai gardama ta kaure a kan mota. Wani ya ce shi ko tsohuwa ce, in dai Toyota ce zai saye ta ido rufe. Wani kuma ya ce ai suna kawai ake saya, kuɗin da ake ɗorawa a kan sunan ya isa a ƙara bijimai biyu a turke. Ba a rabu da matsaya ɗaya ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo abin da muka sani game da kamfanin nan, don wanda zai saki dabbobinsa ya sayi ƙarfe ya san abin da yake saya.

Mun sani shanun da muke kaiwa Illela ko Jibiya ko Maigatari ba Toyota ke ɗaukarsu ba, aikin tirela ne. Amma kafin sa ya hau tirela, wace mota ce ta kai falke kasuwar daji? Wanda ya taɓa bin hanyar Cintabaraden, ko Bermo, ko Tasker, ko ya nufi N'Gigmi cikin rairayi, ya san amsa. Land Cruiser ce ko Hilux, sai Hiace a inda akwai kwalta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, gidan Toyota gidan masaƙa ne. Kakan gidan, Sakichi Toyoda, an haife shi a 1867, ɗan kafinta ne daga ƙauye a ƙasar Japan, kuma rayuwarsa ta ƙare a kan gyaran injin saƙa. A 1924 ya kammala wani inji wanda yake tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke. Injin da ba shi da wannan dabarar sai ya yi ta saƙa a kan ɓarna, sai an gama a ga yadin ya lalace. Ku riƙe wannan, domin daga nan halin gidan ya fito: in an ga aibi a tsaya a gyara, kada a tura shi gaba. A 1929 wani kamfanin Ingila mai suna Platt Brothers ya sayi izinin ƙera injin a kan fam 100,000.

Ɗansa Kiichiro shi ne ya juya wajen mota. Ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin saƙar a 1933, a 1935 suka fitar da motar ɗaukar kaya, a 1936 motar shiga, sannan a 1937 aka ware kamfanin mota daban. Sunan iyalin Toyoda ne, da "d", ma'anarsa gonar shinkafa mai albarka. Suka mai da shi Toyota saboda a rubutunsu sunan yana fita da zane takwas, su kuma suna camfa takwas da sa'a. Wannan dai al'adarsu ce. Garin da masana'antar take, Koromo, shi ma a 1959 aka sauya masa suna ya koma Toyota.

Kada a zaci hanyar ta zo musu da sauƙi. Bayan yaƙin duniya na biyu Japan ta talauce, a 1950 kamfanin ya kai bakin karyewa. Bankuna suka ce ba za su ba da rance ba sai an rage ma'aikata, ma'aikata suka shiga yajin aiki, daga ƙarshe Kiichiro da kansa ya ajiye shugabanci. Duk wanda ya taɓa ganin garkensa ya ƙare a shekarar fari zai gane halin da mutumin ya shiga. A watan Yuni na shekarar ne yaƙin Koriya ya ɓarke, sojan Amurka suka ba da odar dubban motocin kaya, kamfanin ya farfaɗo. Kiichiro bai daɗe yana ganin haka ba, ya rasu a 1952.

Wannan talaucin ne ya koya musu aiki. Ba su da kuɗin tara kaya a sito kamar kamfanonin Amurka, saboda haka wani injiniyansu, Taiichi Ohno, ya tsara cewa kada a ƙera komai sai lokacin da ake bukatarsa. Kuma aka ba ƙaramin ma'aikaci ikon jan igiya ya tsayar da layin haɗa motoci in ya ga kuskure. Injin saƙar nan ne dai ya dawo a wata siffa.

Motocin da muka sani duk daga baya suka zo. A 1951 suka yi wata mai tafiya da ƙafa huɗu, suka kira ta BJ, a 1954 aka raɗa mata Land Cruiser. Samfurin 40, mai gajeren hanci da fitilu zagayayyu, wanda iyayenmu suka sani, an yi shi daga 1960 zuwa 1984. Daga 1984 samfurin 70 ya karɓa, shi ne wannan da muke loda wa tumaki da buhuna. Corolla ta fito a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968. Zuwa 2019 an sayar da Land Cruiser miliyan 10 a duniya, Corolla kuma ta wuce miliyan 50 a 2021.

A yankinmu kuwa, sunan ya ƙara fita ne da yaƙin Chadi da Libiya. A 1987 sojojin Hissène Habré, a ƙarƙashin Hassan Djamous, suka fuskanci tankokin Gaddafi da motocin Toyota buɗaɗɗu, kimanin 400 da Faransa ta ba su, an ɗora musu makaman fasa tanka. Suka ƙwace Fada a watan Janairu, suka ƙwace Wadi Dum a watan Maris. Har yau a littattafai "yaƙin Toyota" ake ce masa. Sai dai wannan suna yana da ɗaya gefen, wanda ya shafe mu kai tsaye: abin da ya sa falke ke son motar, shi ne ya sa ɗan fashi da ɗan bindiga ke sonta. Wanda zai shiga daji da sabuwar Land Cruiser ya sa wannan a lissafinsa, kamar yadda yake lissafin mai.

To, me masu ita ke yabo? In ka zauna da direbobi a tasha, ba za ka ji ana maganar gudu ko kujera mai laushi ba. Abu uku za ka ji. Tana jure kaya da mugunyar hanya. In ta lalace, bakaniken ƙauye zai iya buɗe ta. Kuma kayan gyaranta suna nan daga Maraɗi har Damagaram, daga Kano har Njamena. Na ukun nan shi ne babba, a ganinmu. Mota ko ta zinariya ce, in ƙaramin ƙarfe ya karye a Abalak aka ce sai an aika Turai, to ka yi asarar kasuwa biyu, dabbobin da ka saya suna ramewa a turke kana sayen dusa. Akwai kuma na huɗu da ba a cika faɗa ba: ranar da ka matsu, Toyota tana sayuwa kamar saniya mai ƙiba, ba ta kwana a kasuwa.

Amma a nan ne muke so a yi hankali. Yabon da muke ji, yawancinsa na wasu injuna ne sanannu, ba na duk abin da aka manna wa tambarin ba. Injin 1HZ na Land Cruiser, wanda ya fito a 1990, lita 4.2 ne, silinda shida, ba turbo, famfonsa na ƙarfe ne zalla ba kwamfuta. Ba shi da gudu, a kan tudu da kaya sai ka ji kamar ka sauka ka tura, amma yana haƙuri da gazuwal marar kyau. Haka injunan 3L da 5L na tsofaffin Hilux da Hiace. Sababbin Hilux kuwa, masu D-4D da waɗanda suka biyo baya daga 2015, sun fi ƙarfi, sun fi tattalin mai, amma kwamfuta ce ke raba musu gazuwal da matsi mai tsanani, kuma ba sa yafe ruwa ko ƙasa a cikin mai. Wanda ya saba sha wajen ƴan ruwa-ruwa a bakin hanya, ya zuba man jarka ba tacewa, zai iya kashe nozil huɗu a tafiya ɗaya, kuma wannan gyara ba na ƙarƙashin bishiya ba ne. Ba mu ce kada a saya ba. Mun ce a tambayi kai: ina zan riƙa shan mai, wa zai riƙa gyara mini?

Kamfanin kansa ma ba ma'asumi ba ne. A 2008 ya wuce General Motors ya zama na ɗaya a duniya wajen yawan sayarwa, ba a jima ba sai matsala ta biyo. A 2009 da 2010 aka janye miliyoyin motoci saboda totur da ke maƙalewa, shugaban kamfanin Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya je gaban majalisar Amurka ya ba da haƙuri, kuma a 2014 suka biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye gaskiyar lamarin. A 2022 aka gano Hino, mai manyan motocin kaya a rukunin, ya yi shekaru yana murɗa sakamakon gwajin hayaƙi. A ƙarshen 2023 aka sami irin haka a gwajin tsaro na Daihatsu. A Janairun 2024 kuma abin ya taɓa namu: kamfanin da ke ƙera wasu injunan gazuwal, wato ainihin tsohon kamfanin saƙar nan na Sakichi, ya amsa cewa an yi coge a gwajin ƙarfin inji, har aka dakatar da fitar da wasu Hilux da Hiace da Land Cruiser na ɗan lokaci. Toyota ta ce injunan lafiyarsu ƙalau, ana iya ci gaba da hawa. Amma gidan da ya yi suna da tsayawa in zare ya tsinke, an same shi ya rufe ido.

Mu dai mafi yawanmu ba sabuwa muke saya ba, ƴar Kwatano ce ko ta Lome, wadda ta gama wahala a Turai ko ƙasashen Larabawa. A nan sunan kamfani ba zai cece ka ba. Ɗaya daga cikinmu ya saki shanu ya sayi Hilux a hannun wani mai sayar da motoci, fenti na sheƙi, agogon tafiya na nuna kaɗan. Wata uku ba ta yi ba, da kayan awaki a baya, shasi ya tsage a hanyar Dakoro. Da bakanike ya kankare baƙin fentin ƙasa sai ga tsatsa ta cinye ƙarfen. Gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ne ya yi aikinsa, mai sayarwa ya shafe.

Ba wanda a cikinmu zai sayi sa bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba, bai sa an kora shi ya ga tafiyarsa ba. Haka za a yi wa mota. A je da bakaniken da kai ka ɗauko, ba wanda mai motar ya kawo ba. A kwanta a ƙarƙashinta da fitila a ƙwanƙwasa shasi, musamman wajen da sifirin na baya ke kamawa. A tayar da ita da sanyin safiya, kafin kowa ya ɗumama ta, a kalli hayaƙi. A gwada lambar shasi da ta takardar mota harafi bayan harafi, a ga takardar duwan, domin a kan iyaka kuskuren harafi ɗaya ya isa a tsare mota da kayanta. Agogon tafiya kuwa kada a yarda da shi, a dubi yadda feda da sitiyari suka cinye.

In an saya, saura riƙo. Hilux an yi ta ne don kaya wajen tan ɗaya, mu kuwa mun san abin da muke ɗora mata ranar kasuwar Tunfafi. Fitsarin dabbobi yana cin ƙarfe fiye da ruwan sama, saboda haka a shimfiɗa katako da yashi a bayan, a wanke bayan kowace tafiya. Matatar mai da ta iska kuma a sayi ta gaskiya ko da ta ninka kuɗi, don na jabu sun cika kasuwa cikin kwali iri ɗaya da tambari iri ɗaya. Waɗanda ke da bakaniken da suka yarda da shi a Tawa, Maraɗi, Damagaram ko Diffa, su kawo sunansa a zama mai zuwa, mu haɗa su a takarda ɗaya a raba wa kowa.