Karen layi, jakin kasuwa da likitan da zai zauna da mu

A farkon shekarar 2010, tun kafin duniya ta ji labarin mace-macen yara a Dareta da Abare na ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum, agwagi ne suka fara ƙarewa a ƙauyuka. Mutane sun gani, amma ba a ɗauki abin da zafi ba, domin mutuwar kaji da agwagi ba baƙon abu ba ne a karkara. Sai da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta ga yara suna suma suna mutuwa, masu bincike suka zo suka auna jini da ƙasa, sannan aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinaren da ake daka da niƙawa a cikin gidaje. Ƙasar da yaro ke rarrafe a kai ita agwagwa ke tsattsaga. Yara sama da 400 suka rasu. Da a ce akwai malamin dabbobi a kusa, wanda ake kai wa rahoto kuma ake sauraronsa, mai yiwuwa da an fara tambaya tun daga kan agwagwa.

Dalilin da ya sa ke nan maganar kula da dabbobin da ke yawo a gari ba maganar masu hannu da shuni ba ce. Wani zai ce, a yankin da mutane suka bar gidajensu saboda 'yan bindiga suka tare a garin Anka, ana fama da abin sawa a bakin salati, ina ruwan wani da kare? Tambayar tana kan hanya. Amsarta ita ce, yaron da ke wasa a ƙofar gida shi ne ya fi kowa kusa da bakin karen nan.

Akwai ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje da ba su da aikin da ya wuce dabbobin marasa ƙarfi. SPANA ta fara a 1923 a Afirka ta Arewa, kuma tana duba jakuna da dawakai a ƙasashe irin su Maroko, Mali da Muritaniya. Brooke ta samo asali daga asibitin da wata 'yar Birtaniya, Dorothy Brooke, ta buɗe a Alƙahira a 1934 domin tsofaffin dawakan yaƙi, yanzu kuma tana aiki har Senegal da Burkina Faso. Ta fuskar karnuka, wani likitan dabbobi ɗan Ingila mai suna Luke Gamble ya kafa Worldwide Veterinary Service a 2003, sannan Mission Rabies a 2013 domin yaƙi da ciwon haukan kare. Kuɗinsu daga gudummawar jama'a yake fitowa. Aikinsu bai wuce allurar rigakafi, jinyar rauni, tiyatar hana karnuka hayayyafa, da koyar da 'yan ƙasa ba.

Ciwon haukan kare ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan kowane mutum da ya kamu, daga kare ya samu. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. Idan haƙori ya huda fata, ko kare ya lashi wurin da ke da rauni, sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Nan ne mutane ke ruɗuwa. Ciwon ya warke, an manta da zancen, sai wata rana yaro ya tashi da zazzaɓi da firgita, a miƙa masa ruwa ya kasa haɗiya, maƙogwaro ya shaƙe, ko iska ta kaɗa shi sai ya zabura. Sau da yawa a lokacin sai a ce iskoki ne ko sammu. Gaskiyar ita ce idan alamun nan suka bayyana, kusan ba wanda ke tashi. Kafin su bayyana kuwa, ana iya hana cutar gaba ɗaya.

Saboda haka idan kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, abu na farko ruwa ne da sabulu. A wanke wurin sosai har tsawon minti 15, ana zuba ruwa yana gudana. Ko sabulun wanki ne ya isa. Kada a ɗaure ciwon, kada a cusa masa toka, ko barkono, ko gashin karen da aka ƙona kamar yadda ake yi a wasu wurare, domin ba ɗaya daga cikinsu da ke kashe ƙwayar cutar. Daga nan a nufi asibiti a ranar, a nemi allurar cizon kare. Ba guda ɗaya ba ce, ana yin ta ne a ranaku daban-daban, kuma dole a cika ta. Idan cizon ya yi zurfi, ko a fuska ne, ko wuya, ko yatsu, likita zai iya ƙarawa da wata allurar da ake yi a cikin raunin kansa. Allurar tana da tsada, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ke ajiye ta ba, don haka wanda ke Gummi ko Bukkuyum zai iya samun kansa a hanyar Gusau ko Sakkwato. Tafiyar ta zama dole.

Karen da ya yi cizon fa? Idan an san mai shi, a ɗaure shi nesa da mutane, a ci gaba da ba shi abinci da ruwa, a zuba masa ido kwana 10. Karen da yawunsa ke ɗauke da cutar ba ya wuce waɗannan kwanaki da lafiya. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. Idan kuwa ya riga ya haukace har aka kashe shi, kada a farfasa kan, kada kuma a taɓa shi da hannu tsirara. A sanar da ma'aikatan dabbobi, domin ƙwaƙwalwar ake aunawa a tabbatar. Kuma ba kowane mahaukacin kare ke gudu yana cizon duk abin da ya tarar ba. Wani lafewa yake yi, muƙamuƙi ya saki, dalala tana zuba, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu zai ciro. Saniya, akuya da jaki ma suna kamuwa idan an cije su.

Da zarar an ji labarin mahaukacin kare a gari, abin da aka saba shi ne samari su fito da sanduna su bi kowane kare. An gwada kashe karnuka a ƙasashe da yawa, bai kawar da cutar ba. Bola tana nan, mahauta tana nan, don haka wasu karnukan za su shigo daga ƙauyukan kewaye su maye gurbin. Masu karnuka kuma sai su ɓoye nasu ko su kai su wani gari, cutar ta bi su. Abin da ya yi aiki shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, a maimaita kowace shekara. Idan aka kai wannan adadi, karen da ya haukace mafi yawan waɗanda zai ciza masu rigakafi ne, sai cutar ta rasa inda za ta shiga.

An ga haka a aikace. A birnin Blantyre na Malawi, ma'aikatan Mission Rabies sun yi wa karnuka sama da 35,000 allura cikin kwana 20 a 2015. A jihar Goa ta Indiya, inda karnukan titi ba sa yarda a taɓa su, da raga ake kama su, a yi allura, a shafa musu fenti a goshi, washegari wasu su zagaya su ƙirga masu fenti da marasa shi. A 2021 gwamnatin jihar ta bayyana cewa ta shawo kan cutar. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Njamena a Chadi, inda aka yi gangami a 2012 da 2013 aka haura kashi 70. Cutar ta yi watanni ba a ji ɗuriyarta ba, daga baya ta dawo ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga wajen birnin. Darasin Njamena ya fi na sauran amfani gare mu: gangamin shekara ɗaya ko biyu ba ya gama aikin.

A nan muna da sauƙin da Goa ba ta da shi. Karen da kake gani yana yawo a layi a ƙasar Hausa, da wuya a ce ba shi da ubangida. Ko na mafarauci ne, ko na makiyayi, ko na gadin gona, ko na wasu samari da ke ba shi ƙanzo. Yana yawo ne don ba a ɗaure shi ba. Akwai wanda zai kira shi ya zo, kuma yawanci yaro ne. Wannan na nufin ba sai an yi ta guje-guje da raga ba. Idan mai unguwa ya sa aka yi shela, sarkin mafarauta da arɗo suka yi wa mutanensu magana, aka sa rana da wuri, kuma aka ce kyauta ne, karnuka za su zo a igiya. Inda hankali ya kamata ya koma shi ne ƙauyukan da aka watse aka bari, domin karen da ya rasa mai ba shi abinci shi ne ke zama na daji.

Addini ma bai tsaya a hanya ba. An halatta riƙe kare don farauta, kiwo da gadin gona, kuma duk almajiri ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Ƙyamar yawun kare daban, barinsa ya zama ajalin yaran unguwa daban.

Jaki kuwa wahalarsa a bayansa take. Ɗaga akumarin jakin da ke dakon yashi ko ruwa, sau da yawa za ka tarar da gyambo a daidai ƙashin baya, an shafe shi da baƙin man mota, ƙudaje na bi. Man nan ba ya warkarwa, lalata naman yake yi. Abin da ƙungiyoyin jakuna ke koyarwa ba mai tsada ba ne: a wanke gyambo da ruwan gishiri mai tsabta, a huta da dabbar, a yi akumari mai kauri wanda ya bar rami a tsakiya don kada ya zauna kan ƙashi, a daidaita nauyin mangala, a yi dabaibayi da tsumma maimakon igiyar roba mai yanka, a gyara kofato. Kuma jakin kansa ƙaranci yake yi, saboda fatarsa da ake kaiwa Sin, har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fata a Fabrairun 2024.

A ganina, ma'aunin kowace ƙungiyar agaji irin wannan shi ne wanda ta bari a baya ranar da motarta ta tafi. Baƙon likita zai yi mako biyu ya koma. Hanyoyin Anka, Bagega da Bukkuyum kuwa, a halin da ake ciki, ɗan gari ma sai ya yi tambaya kafin ya bi su. Wanda zai iya kai allura can shi ne wanda aka haifa a can. Masu Worldwide Veterinary Service sun gane haka, shi ya sa suka buɗe cibiyar koyar da tiyata a Ooty ta Indiya, inda likitocin ƙasar ke zuwa su ƙware da hannunsu.

Ba daga sifili za mu fara ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a jihar Filato, tana nan tun 1924, kuma tana yin allurar rigakafin karnuka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suna yaye likitocin dabbobi, kuma akwai kwalejin aikin gona a Bakura. A 2022 Najeriya ta ƙaddamar da shirinta na kawar da ciwon haukan kare, cikin burin duniya na ganin ba wanda ya ƙara mutuwa da cizon kare nan da 2030. Giɓin yana tsakanin takarda da ƙauye. Likitan da ya gama karatu yakan zauna a birni, inda gonakin kaji za su biya shi. A ƙauye sai mai talla a kasuwa, da kwalaben allura a rana, yana sayar wa makiyayi abin da ya ga dama. Allurar rigakafi kuwa tana son sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi ta har jikin dabba. Idan ta yini a zafi, ƙarfinta na iya tafiya, mai kare ya koma gida yana zaton ya tsira.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wata hanya da ta dace da irin ƙasarmu. A Dakoro ta jihar Maraɗi, ƙungiyar Vétérinaires Sans Frontières ta Beljiyam, tare da ƙungiyar Karkara ta 'yan ƙasar, sun taimaka wa likitan dabbobi mai zaman kansa ya kafa asibitinsa a garin. Aka zaɓo mataimaka daga cikin makiyaya da mutanen ƙauyuka, aka koya musu allura, ba da maganin tsutsa da gane alamun annoba. A wurin likitan suke sayen magani mai kyau, shi yake duba aikinsu, su kuma suna samun ɗan abin hannu daga masu dabbobi. Tun da kowa yana cin abinci daga aikin, ba ya tsayawa don kuɗin agaji ya ƙare.

An tsara wannan ne domin shanu, awaki da raƙuma, kuma nan ne wuyar take ga kare. Makiyayi zai biya don saniyarsa, amma kaɗan ne za su cire kuɗi don kare. Don haka allurar karnuka sai gwamnati ko mai agaji ya ɗauki nauyinta, a ɗora ta a kan tafiyar da mataimakin zai yi dama. Ranar da ya je rugar da ke bayan Gummi yi wa shanu allurar ciwon huhu, ya tafi da ta karnukan rugar a cikin akwatin sanyinsa, ya rubuta yawan da ya yi wa, ya kuma tambayi ko akwai dabbar da ta mutu ba a san dalili ba.