Hanya a Cikin Garka Ba Asarar Ƙasa Ba Ce

Ran kasuwa wani manomi ya tare ni, ya ce, "Malamin gona, garkar bayan gidana ta gaji. Bara na zuba mata taki mangala biyar, amma kuɓewa da rama duk suka tsumbure." Na bi shi gida na duba. Ashe ba taki ne ya gaza ba, sawu ne ya yi yawa. Uwargida ta shiga tsinkar lalo, yara su ratsa neman gauta, kowa inda ƙafarsa ta faɗa. Ƙasa ta zama kamar daɓe.

Jama'a, saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. In ana taka ƙasa, balle tana jiƙe, sai ƙananan ƙofofin cikinta su toshe. Ruwa ya kasa shiga, ya gudu da takin, saiwa kuwa ta kasa ratsawa. Maganin abin shi ne a fid da hanya, kowa ya bi ta.

Ga yadda za ku yi tun ruwa bai sauka ba. Ku kafa turaku, ku ja igiya. Faɗin hanya ƙafa 2 ya isa. Kowane fegi kada ya wuce ƙafa 4, don hannu ya kai tsakiyarsa daga ko wane gefe. In wurin gangare ne, hanya ta gitta shi, kada ta bi shi, in ba haka ba kafin Agusta ta zama kwazazzabo. Ku kwashe baƙar ƙasar saman hanyar ku zuba a kan fegi, a nan take da amfani. Sa'an nan ku shimfiɗa marmara ko tsakuwa, ku daddaɓe, ku jera duwatsu a gefe. Kada ku shimfiɗa kara, yana kiran gara.

Yakuwa da rama masu tsawo su koma baya. Lalo da karkashi, waɗanda ake tsinka kullum, su zauna bakin hanya.

Wani zai ce ya yi asarar wurin shuka. To, fegi huɗu masu laushi sun fi biyar da aka tattake. Kuma a kan hanya fetal yaro yana hango maciji tun bai taka shi ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.